Farin Abin da ke Murfin Baƙin Mai

Murfin yana hannuna, mutum biyar suna tsaye a kaina, ni kuwa ban san abin da nake kallo ba.

Babur ɗin Baba ne ya ƙi tashi ran nan da safe, a ƙofar gidanmu a Jugu. Lokacin sanyi ne, irin sanyin da in ka taɓa ƙarfe sai ka janye hannu. Baba ya buga har ƙafarsa ta gaji. Ƙaninsa, wanda muke ce wa Baffa, ya karɓa ya buga, shiru. Sai Baffa ya ce ai yanzu akwai makanike a gida, a kira shi. Da muryar nan tasa ya faɗa, wadda ba ka gane yabo ne ko ba'a. Na fito na tsuguna. Na taɓa nan, na taɓa can. Na kwance murfin baƙin mai don kawai a ga hannuna yana motsi. Ina ɗago shi sai ga wani farin abu ya manne a cikinsa, ya bi sandar awon mai har rabi. Mai kauri, fari da ɗan rawaya-rawaya, sak kindirmon da aka fara kaɗawa aka bari.

Baba ya sunkuyo ya duba. Ya ce mene ne wannan.

To ga gaskiyar da babu wanda ya sani a wurin sai ni. Wata huɗu kacal na yi a garaji a Faraku, can unguwar Banikanni, kuma a wata huɗun nan ban taɓa buɗe inji ba. Aikina wanke ƙarafa a esansi, wato fetur, miƙa kile, wato sifana, sayo wa maigida koko. Da maigida ya tafi Kutunu sayen kaya ya rufe garajin, sai na taho gida, na ce musu ni makanike ne. Ban ga yadda zan ce wani abu daban ba. Lakwal, makarantar boko, na bar ta a aji huɗu, don zama wuri ɗaya yana sa in ji kamar ana cizona. Baba ya zaunar da ni a kan goro, sana'ar da kakanninmu suka shigo garin nan da ita tun ana bin hanyar Gwanja da jakai, na bar sankara ta ci masa huhu biyu don na ƙi tsincewa. Na je wurin tela, sati uku. Na bi motar doya, wata ɗaya. Ranar da na ce zan tafi Faraku koyon gyaran babur, Baba bai ko ɗago kai daga kwandonsa ba. Cewa kawai ya yi in na gaji in dawo, ƙofa a buɗe take. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau kuma ga shi, karon farko tun da na yi wayo, Baba yana tambayata abu yana jiran amsa daga bakina.

Na shafo abin a yatsa, na murza, na yi irin fuskar da maigidana yake yi in yana tunani. Na ce, "Nono ne. An zuba nono a injin nan."

Wallahi lokacin da na faɗa ban tuna da kowa ba. Kama na gani, na faɗa. Sai da na ga Baffa ya juya yana kallon ƙofar ɗakin goro, sannan na tuna. Mutum ɗaya ce take shigo da nono gidanmu.

Inna nake ce mata. Bafulatana ce, rugarsu tana can bayan ƙauyen Felebina. Uwata ta rasu ina ɗan wata biyu, kuma shanun Baba 'yan kaɗan suna hannun mijinta tun kafin a haife ni. Lokacin tana da goyo, sai aka naɗe ni a zane aka kai mata. Shekara biyu na yi a rugar nan. Ban tuna komai ba sai ƙamshi, hayaƙi da man shanu, kuma har yau in na wuce inda ake kaɗa nono sai na ji wani abu ya saki a ƙirjina. Bayan an maido ni ba ta daina zuwa ba. Duk jajibirin kasuwa da yamma za ka ganta ta shigo da ƙorenta a ka, ta kwana a cikin gida wurin mata, da safe ta fita kasuwa. Ni ne mai sauke mata, ni ne mai ɗora mata, tun ƙarfina bai kai ba ina riƙe gefen ƙwarya kawai tana cewa ni na ɗauka. Ranar da na bar lakwal gidan duk aka taso mini, ita kaɗai ce ta yi dariya. Ta ce ta san ni tun ina tsotso, ban taɓa sha ba sai ina harba ƙafa, a ƙyale ni in harba har in samu inda zan taka.

Ƙorenta a ɗakin goro suke kwana, don nan ne wuri mafi sanyi a gidan. Ɗaki ne mai 'yar taga ɗaya kamar tafin hannu. Safe da yamma ana yayyafa ruwa a huhuna da ganyen fita da buhuna, ƙasa kullum a jiƙe, in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa rijiya. Kuma a nan babur ɗin yake kwana shi ma. A wurin Baba duk abin da yake da daraja ɗakin goro yake shiga. Yakan tura shi ciki da kansa, ya lulluɓe shi da buhun goro guda biyu, masu danshi, kamar yadda yake lulluɓe huhu don kada ya bushe. Shi a ganinsa gata yake yi masa. Tafiyarsa da shi kuwa ba ta wuce masallaci ba, wanda daga ƙofar gidanmu kana hango hasumiyarsa, sai rumfarsa a kasuwa. A hankali yake tafiya, har yara masu gudu suna wuce shi.

Baffa ne ya tuno wa mutane abin da ni ma na manta. Ranar da aka kawo babur ɗin sabo, Inna ta tsoma hannu a ƙwarya ta yayyafa wa tayar gaba nono, yadda suke yi wa sabon abu don albarka. Kowa ya yi dariya ran nan, har Baba. Baffa ya ce ai shi ke nan, an gano. Ya ce shi bai ce mugunta ba ce, ƙauyanci ne, ta ga murfi ta buɗe ta ƙara masa albarka ta ciki.

Ranar kasuwa ce, Inna tana cikin gida tana shirin fita. Aka aika aka kira ta.

Ta fito tana gyara ɗankwali, ta durƙusa ta gaida Baba, ta kalle ni a tsugune da mai a hannu ta yi murmushi, don ta ɗauka an kira ta ne ta ga ɗanta yana aiki. Baba ya fara da laushi. Ya nuna mata murfin, ya ce ya san ba da nufin ɓarna ta yi ba, in ta ce ita ce maganar ta wuce a nan. Ta ce ba ta gane ba. Baffa ya yi mata bayani da ƙarfi, yana raba kalmomi kamar ba ta jin Hausa, alhali ta fi shi iya ta. Ta ce ita ba ta taɓa babur ɗin ba tun ranar farko, ba ta ma san yana da baki ba balle ta ba shi abu. Baba ya ce amma yaro ya duba ya ce nono ne.

Ta miƙo hannu na ba ta murfin. Ta shinshina. Ta ɗan lakato da ɗan yatsa ta sa a harshe, ta juya gefe ta tofar.

Ta ce, "Alhaji, tun ban kai tsayin saniya ba nake tatsa. Wannan ba nono ba ne. Ƙarfe nake ji, da mai."

Sai ta juyo wurina. Ba da fushi ba. Yadda take mini magana in na ɗora mata ƙwarya a karkace.

"Ɗana, sake dubawa."

Lokacin masu wucewa kasuwa sun fara tsayawa. Maƙwabcinmu mai gishiri ya jingina kekensa. Ina jin idon Baba a ƙeyata. Da na ce bari in sake dubawa, da babu abin da zai faru sai Baffa ya yi dariya kwana biyu ya gaji. Na san haka yanzu. Ina jin ma na san haka a lokacin.

Na ce, "Inna, ke saniya kika sani. Inji kuwa ni na san shi."

Aka yi dariya. Baffa ya dafa kafaɗata. Ita kuwa ta miƙo mini murfin da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu.

Baba ya ce nonon bai dame shi ba, inji ƙarfe ne ana gyarawa. Abin da ya dame shi musun. Ya ce shekara ashirin tana shiga gidansa tana fita, ya damƙa mata ɗansa da hannunsa, amma a kan ɗan wannan abu ta dubi idonsa ta yi masa ƙarya a gaban mutane. Ya ce daga yau ta nemi wani wurin ajiye ƙorenta. Bai ce kada ta sake zuwa ba. Amma kowa a wurin ya ji abin da ta ji.

Ta shiga ɗakin goro ta fito da ƙoren ɗaya bayan ɗaya, ta jera su, ta ɗaure. Ta naɗa gammo. Nan ne ya kamata in tashi. Ta ɗan tsaya kaɗan, kaɗan ƙwarai, wanda ni kaɗai na gane. Ina nan tsugune ina goge sandar mai da tsumma, na goge ta ta yi fes ina ta gogewa. Sai ta durƙusa gwiwa ɗaya a ƙasa, ta jawo kayan kan cinyarta, daga cinya zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa kai. Nono ya ɗan zubo ta bayan wuyanta. Ta yi wa Baba sallama cikakkiya, ta tambayi lafiyar ƙafarsa da take damunsa, ta tafi.

Ni kuma na ci gaba da zama makanike. Na kwance ƙusar ƙasa na tsiyaye man a tsohon kwano. Baƙi ne wuluk, babu ko ɗigon fari a cikinsa. Na gani. Na ɗauki kwanon na kai bayan gida na zubar da sauri kafin wani ya leƙa. Na zuba sabo. Na kwance buji, wato fulogi, na ga ya jiƙe, na goge shi na ɗan gasa shi a kan garwashin mai koko, don wannan kam na sha ganin ana yi. Na mayar. Bugu ɗaya ya tashi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ran nan bayan azahar Baba ya faɗa a ƙofar masallaci cewa ɗansa ne ya gano ciwon babur ɗinsa da kallo ɗaya. Da yamma ya kira ni ɗakin goro, ya tona huhu ya zaɓo goriya fara ya ba ni da hannunsa. Bai taɓa yi ba. Na cinye ta duk da ɗacinta yana tayar mini da zuciya, kuma kwana biyu ina yawo a unguwa hannuna da baƙin mai na ƙi wankewa sosai.

Jajibirin kasuwa ya zo, Inna ba ta zo ba. Matan gida suka ce sun hange ta da safe can ƙarshen kasuwa wajen masu itace, nononta ya kwana a hanya ya yi tsami, tana bayar da shi a yadda aka taya. Na shiga kasuwar ran nan sau biyu. Duk biyun ban bi ta wajen masu itace ba. Na ce wa kaina bari abin ya huce tukuna. Kasuwa ta gaba ma ba a ganta ba sam.

Wata safiya bayan asuba, Baba ya dawo masallaci ya shiga ciki, sai na shiga ɗakin goro ni kaɗai. Ban san me ya kai ni ba. Na ɗaga buhunan, na kwance murfin.

Yana nan. Ya ma fi na farko yawa. Sabon mai, kuma tun ranar da ta tafi ko cokalin nono bai shiga ɗakin nan ba.

Na tsaya ina jin ruwa yana ɗiga daga wani huhu. Sannan na yagi ganyen fita na goge murfin tas, na cusa ganyen a aljihu, na mayar da buhuna yadda suke. Washegari na koma, ya fara taruwa, na goge. Ranar ta uku ma haka. Kwana uku ina wannan aikin. Abinci ya daina shiga. In aka dama fura a gidan sai in fita. Baffa ya ce ko makanike ya yi budurwa ne.

A rana ta huɗu ban goge ba. Na ce wa Baba sarƙar babur ɗin tana ƙara, ya kamata in kai wa maigidana ya duba, na ji ya dawo daga Kutunu. Da can ko zagaya gida Baba ba ya barina in yi da shi. Ran nan ya miƙo mini makulli bai tambayi komai ba, sai addu'a.

Na kama hanyar Faraku rana ba ta gama fitowa ba. Sanyi yana shiga ta hannun riga yana fita ta wuya. Yatsuna suka ƙage a kan hannun babur, sai na riƙa sa su kusa da injin ɗaya bayan ɗaya ina ɗumama su. Babur ɗin da bai taɓa wuce kasuwar Jugu ba, da farko yana tari yana ja da baya, can bayan mun yi nisa sai muryarsa ta washe, ya riƙa tafiya kamar ya daɗe yana jira. Ban tsaya ko'ina ba sai sau ɗaya da na ƙara esansi. Na shiga Banikanni rana ta kusa tsaka, injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

Maigida yana zaune a kan tsohuwar taya yana shan taba. Dattijo ne, a wurin gyaran motocin soja ya koyi aiki tun zamanin Faransa, kuma ba ya magana uku bai sa Faransanci a ɗaya ba. Na ce masa ga abin da na kawo ya gani. Na naɗe hannu da tsumma na kwance murfin na miƙa masa.

Babu komai. Sai ɗan mai ruwan ƙasa yana sheƙi.

Na karɓe na juya shi, na leƙa ramin, na zaro sandar na mayar na sake zarowa. Na rantse masa da asuba yana nan, da idona na gani. Ya ce in daina rantsuwa in faɗa masa kamarsa. Na faɗa. Ya tambayi inda babur ɗin yake kwana. Na faɗa masa ɗakin goro, da buhunan. Ya cire tabar daga baki. Ya tambayi nisan da yake zuwa a rana. Na ce masallaci sau biyar, sai kasuwa. Ya yi dariya har da tari, ya ce lallai Alhaji ya mayar da babur goro, saura ya naɗe shi a ganye ya aika Kano.

Ya tashi ya je wurin matar da take dafa shinkafa a gefen garajin, ya ɗago murfin tukunyarta tana masa faɗa, ya kawo mini kusa da fuska. Ruwa ne ya taru a cikinsa, ɗigo-ɗigo. Ya ce wa ya zuba wannan. Na ce babu. Ya ce to, wala, wato ka gani, inji ma haka. Yana shaƙar iska yana fitarwa, kuma iskar ɗakin nan ruwa ce zalla. In aka tayar da shi da sanyi sai tururi ya tashi a cikinsa, ya hau sama ya samu murfi da sanyi ya kwanta a kai, ya gauraya da mai ya zama wannan farin abin. In an yi tafiya mai nisa, zafi yana kore shi, kamar yadda ya kore shi yau a hanya. Amma daga gida zuwa masallaci, kafin ƙarfen ya ji ɗumi an kashe. Ya ce a Faransa da sanyinsu kowane yaro a garaji ya san shi. Ba ciwo ba ne. Maganinsa a fitar da babur ɗin daga ɗakin nan, a riƙa sa shi gudu mai nisa ko sau ɗaya a sati.

Ya ce in ina son in tabbata wani lokaci, man da ke ƙasa ake dubawa. In duk ya koma kamar koko, to ruwa ya shiga da gaske, ko an tsallaka rafi ko an yi wanki da ganganci. In baƙi ne, a murfi kawai farin yake, gumi ne. Ya tambaye ni da na tsiyaye yaya na gan shi. Na ce baƙi.

Na tambaye shi, murya ƙasa, to da nono ne fa. Ya ce da nono ne da tun daga ƙofar gida an ji ƙaurinsa, wane sakarai ne ya ce nono ne.

Na faɗa masa duka. Tun daga murfin har gammon. Bai sake dariya ba. Ya mayar wa matar murfinta ya dawo ya zauna, ya daɗe yana kallon babur ɗin.

Ya ce, "Ni da furfurata, in aka kawo abin da ban sani ba, cewa nake a ba ni kwana biyu. Ba wanda ya taɓa mutuwa don na faɗi haka."

Ya cika mini tanki da kansa. Ya ce gobe da sassafe in juya, kuma kada ya sake ganina a garajinsa sai na je wurin Inna na dawo.

Washegari na koma Jugu, na samu Baba a ɗakin goro yana tsince huhu, yana ware masu tabo gefe. Na tsuguna a bakin ƙofa na faɗa masa. Ban rage komai ba, har kwana ukun da na yi ina gogewa. Hannunsa bai tsaya ba. Ya ɗauki goro, ya juya, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Na yi zaton zai tashi ya mare ni, har na so ya yi.

Can ya ce, "Ashe ba ta yi ƙarya ba."

Na ce ba ta yi ba.

Ya ce a ƙofar gidansa ya faɗa, da bakinsa, mutane suna ji. Na ce mu tafi tare gobe, zan ɗauke shi a baya. Ya girgiza kai. Ya ce bai san da wace fuska zai tsaya a gaban mijinta ba, in fara zuwa tukuna, shi sai ya biyo baya. Sannan ya jawo sabon huhu wanda ba a taɓa ba, ya kwance, ya fara zaɓar farare. Ɗaya-ɗaya yake ɗagawa wajen hasken taga. Wanda ni ban ga aibinsa ba sai ya mayar. Ya fi awa yana wannan. Ya naɗe su a ganye mai kyau ya ɗaure ya tura gabana.

Da safe na wuce Felebina na bar babbar hanya na bi ta gonakin doya. Na san hanyar, nakan je da ƙuruciya in an yi hutu. Tun daga nesa na ji abin bai yi daidai ba, don babu kukan maraƙi, babu hayaƙi. Na isa na tarar da fili. Da'irar bukkoki a ƙasa, turakun da ake ɗaure maruƙa, toka ta yi sanyi, kashin shanu ya fara bushewa. Na kashe babur ɗin na zagaya. Na gane inda bukkarta take don duwatsun murhunta uku suna nan.

Wani manomi da yake haƙar doya kusa ya zo. Da 'yar Hausarsa da ɗan yaren Dendi da nake ji muka fahimci juna. Ya ce sun tashi kwana uku da suka wuce, sun yi kudu. Ya ce bana sun yi sauri, ciyawa ba ta ma ƙare ba. Ya nuna mini wasu shanu a ɗaure a gindin ɗorawa, ya ce mijin ya bar su a hannunsa, ya ce na wani Alhaji ne a Jugu, in an zo nema a ba shi, duk suna nan lafiya har da maraƙin da aka haifa bana. Shekara da shekaru suna tafiya cin rani da shanun Baba a cikin nasu. Ba su taɓa ware su ba.

Na lissafa da yatsa a tsaye a wurin. Safiyar da na fara goge murfin da ganye, tana nan. Ta biyu ma tana nan. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a kan babur.

Na bi sawun garken har wani rafi, daga nan ya shiga daji inda taya ba ta bi. Na zauna a bakin ruwan da ƙunshin goro a cinya har rana ta karkata.

Da na koma Jugu na faɗa wa Baba maganar shanun, sai ya tashi ya shiga ciki. Goron ya ƙi karɓa. Babur ɗin kuma tun ran nan a zaure yake kwana, amma ban ƙara ganin ya hau shi ba, da ƙafa yake zuwa masallaci yana ɗingishi. Kwana biyu na ƙara na koma Faraku a motar kasuwa.

Duk ranar da maigida ya sake ni sai in tafi kasuwar Arzeke in zagaya wurin masu nono da masu sayen shanu ina tambaya. Wasu su ce Fulani ai yawa gare su. Wasu su tambaye ni me ta ci mini. Sai a sati na uku na samu wani mai sayen bijimai da yake bin rugage ta wajen Cawuru. Da na kwatanta masa mijin, da tabon da ke goshinsa, ya ce ya san shi, amma ba zama suke wuri ɗaya ba, yau nan gobe can, in Allah ya haɗa su zai isar. Na ba shi goron, abin da bai bushe ba. Ya ce in rubuta takarda. Na ce ba ta karatu, kuma ba na so wani ya karanta mata da muryar lakwal. Na sa shi ya maimaita sau uku a tsakiyar kasuwa, yana cewa shi bijimi yake ɗauka ba waƙa ba. Ban sake haɗuwa da mutumin ba, don haka ban san ko ya isar ba, ko ya isar da rabi. Ga abin da na ce ya faɗa mata:

"Ka ce ɗanta na Jugu ne ya aiko ka. Ka ce ba nono ba ne, gumin ƙarfe ne da sanyi, babu hannun kowa a ciki. Ita ta faɗi gaskiya, ni na yi ƙarya, kuma tun ina tsugune a wurin na san ban sani ba. Alhaji ya ji komai, goron nan shi ya zaɓe shi da hannunsa. Ban ce ta dawo ba. Ina Banikanni, garajin da ke kusa da mai shinkafa, kowa ya san wurin. In ta aiko a ce in zo, ko ina suke, ranar zan taso. In ba ta aiko ba, na gane."